Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba: a leƙa kafin a ba da magani



Akwai kalma guda da ta zama bargon rufe kowane irin ciwon ciki a garin nan, ita ce olsa. Mai ƙwannafi olsa. Mai kumburin ciki olsa. Wanda ya yi wata uku yana amai olsa. Dattijon da rigunansa suka yi masa yawa saboda rama, shi ma olsa. Da yawa daga cikin waɗannan mutane olsar ce da gaske, wasu ma abin bai kai olsa ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda ciwon dajin tumbi ke ci, kuma sunan olsa ne ke hana a gano shi sai bayan lokaci ya ƙure.

Maganata a yau guda ɗaya ce. Duk wanda ya dubi mutumin da ya haura shekara 40, yana rama, yana amai ko jininsa na ƙarewa, ya ce masa "olsa ce" ba tare da an leƙa cikinsa ba, to zato ya yi. Ko mai kemis ne, ko mai maganin gargajiya, ko ma'aikacin asibiti, ko babban yaya a gida, zato ne. Kuma wannan zaton yana kai mutane kushewa.

Ciwon da muke magana a kai

Tumbi shi ne jakar da abinci ke sauka a cikinta bayan an haɗiye. Ciwon daji, wanda wasu ke kira kansa ko sankara, yakan fara ne a fatar da ta shimfiɗe cikin jakar nan. Da farko ɗan tabo ne a sama-sama. Sannu a hankali sai ya nutsa cikin naman tumbin, ya kama kaluluwar da ke kewaye, daga nan ya tsallaka hanta ko ya bazu a cikin ciki. Wannan tafiya takan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma a farkonta alamun ba su da bambanci da na olsa: zafi a ƙahon zuciya, ƙwannafi, gyatsa, rashin jin daɗin abinci. A nan tarkon yake.

Ba ƙaramin ciwo ba ne a duniya. Ƙididdigar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan 970,000 ne suka kamu da shi, kimanin 660,000 kuma suka rasu. Maza sun fi mata kamuwa, kusan ninki biyu. Shan taba, yawan gishiri, yawan cin abincin da aka adana da gishiri ko hayaƙi, da kasancewar wani na jini ya taɓa yin ciwon, duk suna ƙara haɗari.

Babban dalili kuwa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982. A lokacin duniya ta yarda cewa damuwa da yaji ne ke kawo olsa, kamar yadda mu har gobe muke cewa yunwa ce. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kwanta ciwo, don ya tabbatar da maganarsa. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Tun 1994 kuma aka sanya wannan ƙwaya a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Ana kamuwa da ita tun ana yara, ta hanyar ruwa da abinci marasa tsafta da cunkoson gida, ta zauna a tumbi shekara da shekaru. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa yin daji ba, amma mafi yawan dajin tumbi daga gare ta yake farawa.

"Ai ba ciwon nan ba ne"

Wani zai ce wannan ciwon 'yan Japan da Sin ne, mu a nan bai dame mu ba. Mu duba. A farkon shekarun 1990, daidai lokacin da aka cire Yobe daga tsohuwar jihar Borno, wani likita mai suna Holcombe da abokan aikinsa a Maiduguri sun gwada jinin jama'a, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 suna da alamar wannan ƙwaya, har da ƙananan yara. Maƙwabtanmu ne aka gwada, ba mutanen wata duniya ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙwayar ta yi yawa amma dajin tumbin da ake gani a asibiti kaɗan ne, har ya kira lamarin abin al'ajabin Afirka a wata maƙala ta 1992.

Tun daga lokacin masana ke jayayya. Wasu sun ce akwai abin da ke kare ɗan Afirka. Wasu suka ce ba a gani ne saboda ba a dubawa: na'urar leƙen ciki ta yi kaɗan, ba a rubuta dalilin mutuwa, ba a binciken gawa. Ni dai na san yadda muke rufe namu. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwanci, a wajen zaman makoki a ce "ya yi fama da olsa". Wa ya ƙirga shi? A wane littafi aka rubuta shi? Al'ummar da ba ta leƙawa ba ta da bakin cewa babu.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wannan: rahotannin asibitocin koyarwa na ƙasar nan, har da na Zariya da Maiduguri, sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan masu dajin tumbi suna isowa ne ciwon ya riga ya yi nisa. Ko da a ce ciwon bai yi yawa a cikinmu ba, wanda ya same shi yana zuwa a makare. Wannan kaɗai ya isa abin kuka.

Alamomin da ba a jira da su

Likitocin duniya sun daɗe da tsara ƙa'idar yadda ake bin mai ciwon ciki, kuma ba sirri ba ce. Matashi mai ƙwannafi kawai, babu wata alama, ana iya gwada shi don neman ƙwayar nan, a ba shi magani, a ga yadda zai yi. Amma akwai alamomin da in an gan su, maganar gwajin magani ta ƙare, sai leƙe:

Rama ba tare da dalili ba. Abinci yana tsayawa a ƙirji ko haɗiya tana wuya. Amai da ya ƙi tsayawa, musamman a amayar da abincin jiya. Aman jini ko mai kama da garin kofi. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini. Ƙarancin jini da ba a san inda yake tafiya ba. Ƙoshi da loma biyu ko uku. Ƙullutu da ake ji da hannu a saman ciki. Sai kuma ciwon cikin da ya fara wa mutum sabo bayan ya manyanta.

A Ingila, mai shekara 55 da ke rama tare da ciwon ciki ana tura shi leƙe cikin gaggawa, wanda haɗiya ke yi wa wuya kuwa ko shekararsa nawa. A ƙasashen da ciwon ke zuwa da wuri akan sauko da shekarun zuwa 40 ko 45. Koriya ta Kudu ma ba ta jiran alama: duk wanda ya kai 40 ana kiransa a duba tumbinsa duk bayan shekara 2. Shi ya sa a Koriya da Japan ake kama mafi yawan ciwon tun yana ɗanye, kuma wanda aka kama nasa a matakin farko, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa bayan shekara 5. A Amurka, in ciwon bai fita daga tumbi ba, kusan 75 cikin 100 ne ke kai shekara 5. In ya riga ya bazu zuwa nesa, ba su kai 10 cikin 100 ba. Ciwo ɗaya ne. Bambancin kawai ranar da aka leƙa.

Matakai huɗu, kuma ba a tsallake ɗaya

Mataki na farko shi ne leƙe, wanda a asibiti ake kira endoskofi. Wani siririn bututu ne mai kaurin ɗan yatsa, da kyamara da fitila a bakinsa. Mutum zai kwana bai ci komai ba, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura bututun ta baki, likita yana kallon cikin tumbin a allo. Yawanci bai wuce minti 15 ba, kuma a ranar ake komawa gida. Gani ya kori ji.

A nan dole in tsaya a kan abin da ke ruɗar mutane da yawa. Sikanin da ake shafa wa mutum mai a ciki a goga na'ura, wanda ake yi wa masu juna biyu, ba ya nuna fatar cikin tumbi. Yana da amfani wajen duba hanta da ƙoda da matsarmama, amma mutum na iya ɗauke da dajin tumbi takardar sikaninsa ta fito tas. Sau nawa muka ji an ce "an yi sikanin, ba a ga komai ba" aka koma gida da kwanciyar hankali? Haka kuma gwajin jini da ake cewa "gwajin olsa": abin da yake nunawa shi ne jikin mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko yanzu ko shekara 20 da suka wuce. A yankin da 8 cikin 10 ke da alamarta, wannan takarda ba ta ce kana da olsa ba, ballantana ta ce ba ka da daji.

Mataki na biyu, in an ga tabo ko gyambo, a gutsuro 'yan ƙananan tsoka daga wurare da dama, kamar 6 zuwa 8, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da daji. Ido ba ya isa, domin akwai dajin da ke kama da gyambon olsa sak. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ko an ga gyambo a tumbi aka ba da magani, a sake leƙawa bayan kamar wata biyu a tabbatar ya warke.

Mataki na uku, a auna nisan da ciwon ya yi. Ana ɗaukar hoton CT na ƙirji da ciki, wani lokaci a yi 'yar ƙaramar huda a leƙa cikin cikin da kyamara. Tambayoyi uku ake nema wa amsa: zurfin da ya nutsa a naman tumbi, ko ya kama kaluluwa, ko ya tsallaka wata gaɓa. Daga amsar ne ake cewa mataki na 1, na 2, na 3 ko na 4.

Mataki na huɗu shi ne magani, kuma nisan ciwon ne ke zaɓar maganin. Wanda yake sama-sama ƙwarai, a manyan cibiyoyi ana iya kankare shi ta cikin bututun nan ba tare da an tsaga ciki ba. Wanda ya nutsa amma bai bazu ba, ana yin tiyata a cire wani ɓangare na tumbin ko dukansa, tare da kaluluwar da ke kewaye, aƙalla guda 15 ko 16 don a duba su. Yawanci ana haɗawa da maganin kemo kafin tiyata da bayanta. Mutum yana rayuwa babu tumbi: ana haɗa maƙogwaro da hanji, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, yana karɓar allurar bitamin B12. Wanda nasa ya bazu, ba a yasar da shi. Akwai kemo mai rage ƙarfin ciwon, akwai aikin buɗe wa abinci hanya in tumbi ya toshe, akwai ƙarin jini, akwai maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Shi ma yana da haƙƙin ya ci, ya yi barci, ya yi ibadarsa cikin sauƙi.

Leƙe, gwajin tsoka, auna nisa, sannan magani. Mu kuwa a nan daga ƙarshe muke farawa. Magani tukuna, shekara biyu ana sha, sai mutum ya kasa tashi sannan a nemi mota.

Abin kunya ne ga garin da ke da kasuwar shanu irin tamu. Babu dillalin da zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, bai taɓa tozo ba, bai sa an kora shi ya ga tafiyarsa ba. Babu mai tirelar da zai yarda bakanike ya ce masa "injin ne" bai buɗe ya duba ba. Amma cikin mahaifinmu, daga bayan kanta ake yanke masa hukunci, mu biya mu yi godiya.

Su wa ke da laifi

Na farko masu kemis. Ba ina nufin duka ba, kuma na san a unguwanni da yawa su ne ke tashi da tsakar dare su taimaki jama'a. Amma ku ji tsoron Allah. Omeprazole da danginsa suna kashe zafin ciki ko da daji ne ke kawo shi. Mutum ya sha ya ji sauƙi, ya dawo ya ƙara saya, ciwon kuwa yana can yana nutsawa. In dattijo ya zo maka sau uku, sau huɗu a kan ciwo ɗaya, kana ganin wuyansa yana zurmawa, ribar kati guda ba ta kai ransa ba. Ka ce masa, "Baba, wannan ya fi ƙarfin shagona, a tafi asibiti." Sannan ku rage tura wa mutane diclofenac da ibuprofen da piroxicam kamar gyaɗa. Direbobi da 'yan dako da manoma suna haɗiyarsu kullum don ciwon jiki, alhali su ne na biyu wajen huda tumbi bayan ƙwayar nan. Lasisin shagon magani bai ba kowa izinin rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Maganin Helicobacter haɗi ne na magunguna uku ko huɗu, na kwana 14, kuma bayan wata guda ana sake gwaji a ga ko ta mutu. Kwana uku na kafso ba ya kashe ta, sai dai ya koya mata jure magani.

Na biyu masu yawo da mota da lasifika a tasha da bakin kasuwa, masu jarka ɗaya da ke maganin olsa da basir da sanyi da daji gaba ɗaya. Tambaya ɗaya nake musu: ta yaya kuka san abin da ke cikin mutumin da ba ku leƙa ba? Lambar NAFDAC da wasunku ke nunawa a jikin kwalba ba shaidar warkar da daji ba ce. Ban raina ilimin itatuwa da iyayenmu suka bari ba. Masu shi na gaskiya sun san iyakarsu, kuma sukan ce wannan na asibiti ne. Amma wanda ya riƙe mai aman jini wata shida yana karɓar kuɗinsa, har awaki da gona suka ƙare, sannan ya ce "a gwada asibiti", ya ci amanar Allah da ta jama'a.

Na uku wasu ma'aikatan lafiya. Mun san layi yana da tsawo, ma'aikata sun yi kaɗan. Duk da haka, ɗora mutum a kan sikeli bai kai minti ɗaya ba. Tambayar launin bayan gida ba ta cin kuɗi. In kati ya nuna mutum ya zo sau biyar da ciwo ɗaya, maganin da aka rubuta sau huɗu bai yi ba, me zai sa a rubuta shi karo na biyar? Takardar turawa gaba ba gazawa ba ce.

Na huɗu mu kanmu. Mu ne masu cewa sammu ne, an ba shi a abinci, jifa ce. Daga nan sai a fara zargin kishiya ko abokin kasuwanci, zumunci ya lalace, mara lafiya kuma yana kwance babu wanda ya kai shi inda za a duba. Mu ne masu jiƙa kanwa, masu dura wa mutum madara da nono, masu hana shi yaji da tsami muna ganin mun yi magani. Mu ne kuma masu ɓoyewa, musamman iyayenmu mata da ke jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu halin da bayan gidansu yake. Addu'a wajibi ce, kuma malamanmu kullum suna karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Wannan magana ta kashe mutane fiye da yadda muke zato. Ana cewa da an taɓa daji da wuƙa ko allura sai ya haukace ya bazu. Hujjar masu faɗa ita ce wane an yi masa aiki, bai yi wata biyu ba ya rasu. To yaushe aka kai wanen? An kai shi ne bayan ciwon ya cika ciki, likita ya buɗe ya tarar babu abin cirewa. Jinkiri ne ya kashe shi, aka ɗora wa wuƙa. Sai labarin ya tsorata na baya, shi ma ya ƙi zuwa da wuri, shi ma a kai shi a makare, labarin ya ƙara ƙarfi. Haka muke ta zagaye. Gaskiyar da likitoci suka tabbatar ita ce dajin tumbi ba ya warkewa sai an cire shi, kuma ana iya cire shi ne kawai in an zo da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

"Ina kuɗin?"

Wannan ita ce tambaya mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Leƙe yana cin kuɗi, ga kuɗin mota zuwa Gombe ko Maiduguri ko Kano, ga masauki, ga abinci. Tiyata da kemo kuwa sun fi ƙarfin mafi yawan gidajenmu. Amma mu yi lissafi da gaskiya. A tara abin da gida ke kashewa a shekara biyu na katin magani, da jarkokin jiƙo, da sikanin sau uku, da gwajin taifot da maleriya duk wata, da ledojin ƙarin ruwa. Sau da yawa ya ninka kuɗin leƙen. Mun biya kuɗin, amsar ce ba mu samu ba. Kuma mafi yawan waɗanda za a leƙa za a tarar ba daji ba ne, a ba su maganin da ya dace, su huta da sayen magani na har abada. Su ma sun ci riba.

Sauran nauyin na hukuma ne. Gwamnatin Yobe ta ɗaga asibitin Potiskum zuwa asibitin ƙwararru, ga asibitin koyarwa a Damaturu, ga cibiyar lafiya ta tarayya a Nguru, ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Mun gani, mun yaba. Amma garin da ke karɓar marasa lafiya daga Fika da Nangere da Fune da ƙauyukan Bauchi na kusa ya cancanci sashen leƙen ciki mai aiki kowane mako, da likitan da ya iya, da ranar da kowa ya sani, da farashin da aka liƙa a bango, da tsarin kai tsoka ɗakin gwaji a dawo da sakamako kafin mara lafiya ya gaji da jira. Jihar nan ta nuna tana iya tashi tsaye a kan ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa. Abin da aka yi wa ƙoda ana iya yi wa tumbi.

Gwamnatin tarayya kuma ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, kuma asibitin koyarwa na Gombe na cikin cibiyoyin da aka fara da su. Sai dai an fara ne da dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsara na maza. Muna kira ga wakilanmu a majalisar tarayya su matsa a sa dajin tumbi da na hanji a ciki. Talakan da nasa ya fito a tumbi ba shi ya zaɓi wurin ba.

Abin da ke hannunmu

Kada mu jira Damaturu ko Abuja kafin mu yi namu. Kowa ya dubi gidansa yau. In akwai wanda ya haura 40 yana shan maganin olsa fiye da wata biyu babu sauƙi, ko yana da ɗaya daga cikin alamomin da na lissafa, a kai shi wajen likita, a faɗi alamomin ɗaya bayan ɗaya, a tambaya kai tsaye: "Likita, ba ya buƙatar a leƙa cikinsa?" A tafi da duk kwalayen maganin da yake sha. In za a yi gwajin ƙwayar ta bayan gida ko ta numfashi, sai an dakatar da omeprazole na mako 2, in ba haka ba sakamakon na iya yin ƙarya. In an gutsuri tsoka, a koma a karɓi sakamako, kada a bar shi a asibiti don tsoron abin da zai faɗa.

Yadda muke haɗa kuɗi don biki da suna da sadakar uku, mu haɗa don leƙe. Gudummawar da ake kawowa ranar makoki, da rabinta aka kawo wata shida kafin nan, wataƙila da ba a yi makokin ba a lokacin. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan a ajandar zama na gaba: ƙaramin asusu na kuɗin mota da kuɗin gwaji, da mutum biyu da za su riƙa raka marasa lafiya waɗanda ba su san kan manyan asibitoci ba. Ina roƙon limamanmu su ba wannan magana minti biyar bayan sallah, masu unguwanni kuma su kira masu kemis na unguwa a zauna a fahimci juna. A gida kuma a rage gishiri da dunƙule a miya, a kula da ruwan sha da wanke hannun yara, mai shan taba ya daina.

Wanda yake ganin na yi tsanani, ƙofar sharhi a buɗe take, ya kawo hujjarsa. Amma kafin ya rubuta, ya ƙirga mutum nawa ya sani da aka ce olsa ce ta kashe su, sannan ya ƙirga nawa ne a cikinsu aka taɓa leƙa cikinsu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon gyarawa. A tura wa 'yan uwa.

Sakataren ƙungiya
Hausari, Potiskum